Lamba da Shekaru: Tarihin Matakalar Tanis da Waɗanda Suka Daɗe a Ƙasanta

Kafin ranar 23 ga Agusta 1973, babu ɗan wasan tanis ɗaya a duniya da zai iya bugun ƙirji ya ce shi ne na 87 ko na 340. Abin da ake da shi jerin mutum goma ne da 'yan jarida ke fitarwa a ƙarshen shekara, wanda ya fi suna shi ne na Lance Tingay na jaridar Daily Telegraph ta Landan, sai kuma jerin da hukumar kowace ƙasa ke yi wa 'ya'yanta. Wanda ba ya cikin goman nan, shigarsa gasa tana hannun mutum biyu: shugaban hukumar ƙasarsa da zai tura sunansa, da mai shirya gasar da zai ga dama ya gayyace shi. In ka yi wa shugaba tsaurin ido, sai ka zauna gida ko da ka fi kowa hannu.

Shekara biyar kafin nan, a watan Afrilu 1968, aka rushe katangar da ta raba masu wasa don sha'awa da masu wasa don kuɗi, a wata gasa a garin Bournemouth na Ingila wadda Ken Rosewall ya ci. Kuɗi ya fito fili, aka daina miƙa shi a ɓoye, amma iko bai bar hannun hukumomi ba. A Satumbar 1972 'yan wasa maza suka kafa ƙungiyarsu, ATP, da Jack Kramer da Donald Dell da Cliff Drysdale a kan gaba. Ba a yi shekara ba rigima ta tashi. Hukumar tanis ta Yugoslabiya ta dakatar da Nikola Pilić bisa zargin ya ƙi buga wa ƙasarsa Kofin Davis, aka ce Wimbledon ma ba zai taka ciyawarta ba, sai 'yan wasa 81 suka ce in haka ne su ma ba su zuwa. Suka kuwa ƙaurace. Bayan wata biyu ƙungiyar ta fitar da jeri na farko da kwamfuta ta lissafa, Ilie Năstase na Romaniya ne a sama, sunayen duka ba su kai 200 ba. Mata ma ba su zauna ba. Billie Jean King ta jagoranci kafa WTA a Landan a Yunin 1973, jerinsu ya fito a Nuwambar 1975 da Chris Evert a lamba ɗaya.

A ganina jerin nan yana cikin mafi adalcin abubuwan da aka taɓa ƙirƙira a harkar wasanni. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar gaisuwa. Ka ci wasa ka samu maki, makinka ya ba ka lamba, lambarka ta buɗe maka ƙofar gasa ko ta rufe. A manyan gasanni huɗu na duniya gurbi 128 ne, kimanin 104 daga ciki na masu lamba mafi kyau ne kai tsaye, 16 na waɗanda suka tsallake wasannin share fage, 8 kuma gurbin alfarma ne da masu gasa ke rabawa. Shi ya sa a bakin 'yan tanis babu maganar da ta kai "shiga ɗari". Wanda ya shiga ɗarin farko ya samu sana'a. Ko a zagayen farko aka fitar da shi a Wimbledon ta 2024, ya koma gida da fam 60,000.

Sai dai maki kayan gwari ne. Mako 52 yake yi ya lalace. Abin da ka tara a watan Maris na bana, Maris na baɗi ya zube, sai ka sake neman wani. Ba a ajiye shi, ba a gadonsa, rauni ko rashin kuɗin jirgi na wata shida ya isa ya mayar da mutum inda ya fito. Wannan ƙa'ida ita ce ta haifi duk abin da ke ƙasan matakalar. Da yake sabon yaro ba shi da makin shiga babbar gasa, dole aka yi masa ƙananan inda zai fara tarawa. A 1978 aka fara gasannin Challenger, mataki na biyu. A ƙasansu akwai wani tsari da ake kira satalayit: gasa uku a jere a ƙasa ɗaya, mako na huɗu a tara waɗanda suka fi ƙoƙari su kara, kuma sai an gama zagayen duka ake raba makin duniya. Wata guda cur a otal kafin ka ga maki ɗaya. A 1998 aka kawo gasannin Futures na mako ɗaya ɗaya, satalayit ya mutu a 2006. Shekara da shekaru kuɗin ƙaramar gasar Futures gaba ɗaya dala 10,000 ne, a raba wa kowa da kowa, wanda ya ci kofi bai kai ga dala 1,500 ba. Sai a 2017 aka ɗaga zuwa dala 15,000.

Mu ma mun taɓa zama a kan matakalar nan, abin da yaran yanzu da yawa ba su sani ba. A Fabrairun 1976 Arthur Ashe, wanda ke riƙe da kofin Wimbledon a lokacin, yana Legas yana buga gasar ƙwararru lokacin da aka kashe Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga wata. Ranar Litinin, ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe tsakaninsa da Jeff Borowiak, sojoji suka shigo fili da bindigogi suka watsa taron. A shekarun 1980 kuwa ana buga Challenger a Legas da Binin da Kaduna, Turawa da 'yan Amurka suna zuwa neman maki a gabanmu. Daga wancan zamani Nduka Odizor ya fito. Yaro ne mai tsintar ƙwallo a Legas, wani malamin Jami'ar Houston ya gan shi ya ɗauki nauyin kai shi Amurka, ya yi karatu yana buga wa jami'ar wasa. A 1983, yana da shekara 24, ya kayar da Guillermo Vilas a zagayen farko na Wimbledon ya kai zagaye na huɗu, ya ci gasar Taipei a ƙarshen shekarar, a 1984 ya hau lamba 52 a duniya. Tony Mmoh ya tsaya daf da ɗari, a lamba 105. Su biyun da Sadiq Abdullahi suka wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988.

Ni kaina ta tsintar ƙwallo na san tanis, a wani kulob na manyan ma'aikata, inda muke tsayawa a bayan layi cikin rana har masu wasa su gaji. In sun tafi shan lemo, mu ɗauki tsohon raket na katako da wani ya bari mu yi ta bugu kafin mai gadi ya kashe fitila. Ban zama ɗan wasa ba, malamin makaranta na zama, amma idona bai bar filin ba. Kuma tun wancan lokacin nake jin wata magana da manya ke yi in sun kalli saurayi mai shekara 20 yana atisaye: "Wannan ai ya makara."

Maganar nan tana da asali, kuma asalinta shekarun 1970 da 1980 ne. Björn Borg ya ci gasar Faransa a 1974 yana ɗan 18. Tracy Austin ta ci ta Amurka a 1979 tana 'yar 16. Mats Wilander ya ci ta Faransa a 1982 yana ɗan 17, Boris Becker ya ɗauki Wimbledon a 1985 yana ɗan 17, Michael Chang ya ci ta Faransa a 1989 yana da shekara 17 da wata uku. Iyaye da masu horarwa a duniya suka kalli waɗannan suka ɗauka haka abin yake. Makarantun tanis irin ta Nick Bollettieri a Florida suka cika da yaran da aka raba da gida tun ba su mallaki hankalinsu ba. Jennifer Capriati ta shiga sahun ƙwararru a 1990 kafin ta cika 14, ta kai wasan ƙarshe a gasarta ta farko, ta shiga cikin goma na duniya a shekarar, ta ci zinare a Olamfik ta Barcelona a 1992. Ƙarshen 1993 ta bar wasan, rayuwarta ta dagule a idon jama'a. Abin da ya same ta yana cikin dalilan da suka sa WTA ta kafa dokar shekaru a 1995: 'yar ƙasa da 14 ba ta shiga, daga nan kuma ana ƙayyade mata yawan gasa har ta kai 18. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Capriati ta dawo, kuma manyan kofunanta uku duk ta ci su ne a 2001 da 2002, tana tsakanin 24 da 25.

Wasan kansa ya sauya a ƙarƙashin ƙafar masu wannan lissafi. Raket na katako ya tafi, na garafayit ya zo. A 1997 Gustavo Kuerten na Barazil, yana lamba 66, ya ci gasar Faransa da sabuwar tsarkiyar raket ta foliyesta mai sa ƙwallo ya yi juyi ya faɗo cikin fili komai ƙarfin bugu, cikin 'yan shekaru kusan kowa ya koma kanta. A 2001 Wimbledon ta sauya irin ciyawarta, ƙwallo ya ƙara tashi sama. Musayar bugu ta yi tsawo, wasa ya koma na ƙafa da huhu da cinya, abubuwan da jikin ɗan 17 bai gama ginawa ba. Ga kuma manya sun samu kuɗin ɗaukar masu tausa da likitoci da masu kula da abincinsu, suka daina ritaya da wuri, gurbin da a da ke buɗuwa duk shekara ya toshe. A ƙarshen Mayun 2017 maza biyar na farko a duniya, Murray da Djokovic da Wawrinka da Nadal da Federer, babu wanda bai kai 30 ba. Carlos Alcaraz ya zo ya hau lamba ɗaya yana ɗan 19 a 2022, gaskiya ne, amma irinsa ɗaya ake samu a zamani, ba da shi ake auna ɗan kowa ba.

Labarin da na fi so a duk tarihin nan na Víctor Estrella Burgos ne, mutumin Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ba ta san wani wasa ba bayan na sanda da ƙwallo irin na Amurkawa. An haife shi a 1980, shi ma mai tsintar ƙwallo ne a wani kulob a garinsu Santiago, gajere ne a ma'aunin 'yan tanis. Ya gwada sa'arsa yana saurayi, kuɗi ya ƙare, ya koma koya wa masu hali wasa don ya ci abinci. Yana tsakiyar shekarunsa na ashirin ya sake ɗaukar jaka. Ya yi ta zagaya ƙananan gasannin Kudancin Amurka, ga ciwon gwiwar hannu da ya kusa raba shi da wasan. Sai a 2014, yana da shekara 33, ya shiga ɗari. A Fabrairun 2015 ya kayar da Feliciano López a wasan ƙarshe a Quito ya ɗauki kofin ATP na farko yana ɗan 34, ya sake ɗauka a 2016 da 2017, ya kai har lamba 43. A waɗannan shekarun tsaransa da yawa sun daɗe da rataye raket.

Ba shi kaɗai ba ne. Younes El Aynaoui na Maroko ya je makarantar Bollettieri yana ɗan 18 ba shi da abin biya, ya zauna yana tuƙa musu bas, yana share ɗakin motsa jiki, yana ɗaure tsarkiyar raket. A 2003 ya yi wa Andy Roddick wasan da har yau ake labari a gasar Ostireliya, zango na biyar ya ƙare 21 da 19, a shekarar kuma ya hau lamba 14 yana ɗan 32. Paolo Lorenzi na Italiya kofinsa na farko a 2016 ya zo, yana ɗan 34. Aslan Karatsev na Rasha ya kai shekara 27 bai taɓa shiga babbar gasa ba, sai a 2021 ya fito daga share fage yana lamba 114 ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Ostireliya. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci gasar Faransa ta matasa a 2011, kowa ya ce ga tauraruwa, amma shekara shida ta yi kafin ta shiga ɗari, sai a 2021 ta shiga goma, a 2022 ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon ta hau lamba biyu. A ɗaya gefen ga Donald Young na Amurka, wanda ya ci gasar matasa ta Ostireliya yana ɗan 15 a 2005, aka yi ta tura shi manyan gasanni da gurbin alfarma yana shan kashi kafin ƙashinsa ya yi ƙwari. Bai wuce lamba 38 ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi aka yi masa alkawari ba.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A tanis wannan magana rabinta ce gaskiya, domin daɗewar kuɗi take ci, kuma nan ne labaran da na jero za su iya yaudarar mutum. Mun san sunan Estrella ne saboda ya iso. Ɗaruruwan da suka kai shi hannu amma aljihunsu ya ƙare suna 23 ba wanda ya rubuta sunansu. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta yi lissafi a kan shekarar 2013, ta tarar mutum kusan 14,000 ne ke buga gasannin ƙwararru, kuma wajen 6,000 daga cikinsu ba su ci ko dala ɗaya ba a shekarar. Ta kuma gano cewa wanda ke mayar da abin da ya kashe shi ne namijin da ke cikin 336 na farko da macen da ke cikin 253, kuma ba a sa albashin mai horarwa a lissafin ba. Duk wanda ke ƙasa da nan, biya yake yi don ya yi aiki. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya ba da rahoto a 2018 ya tarar cewa a wannan mataki ne sayar da wasa ga 'yan caca ya yi katutu, abin da ba zai ba wanda ya san halin da yaran ke ciki mamaki ba, ko da yake bai wanke kowa ba.

Maganin da ITF ta fara kawowa a 2019 shi ne rage masu lamba: ta janye makin ATP daga mafi ƙanƙantar gasanni ta kafa wani jeri nata daban. 'Yan wasa suka yi ca, domin wanda ya shekara yana tara maki ya wayi gari ba shi a jeri. Kafin watan Agusta ya fita aka mayar da makin. Da annobar korona ta tsayar da wasa a 2020 aka yi maganar manya su tallafa wa na ƙasa, Dominic Thiem ya nuna bai ga dalili ba, sai wata 'yar Aljeriya, Ines Ibbou, ta fitar da bidiyo tana bayyana yadda take yawo ita kaɗai ba koci ba mai ɗaukar nauyi, tana fama da neman biza kafin kowace tafiya. Na kalli bidiyon nan raina ya sosu, don kusan duk abin da ta faɗa na ji shi daga bakin yaranmu. A 2024 ATP ta fara wani shiri na tabbatar da mafi ƙarancin samu: dala 300,000 ga na cikin ɗari, 150,000 ga na 101 zuwa 175, sai 75,000 ga na 176 zuwa 250. Mataki ne mai kyau. Amma jerin maza yana ɗauke da sunaye kusan 2,000, kuma shirin ya tsaya a 250.

Kwanakin baya wani abokina, wanda ɗansa ke cikin masu hannu a yankinmu, ya tare ni bayan sallar la'asar. Ya ce, "Malam, ka gaya mini tsakani da Allah. Yaron nan ya ba ashirin baya, har yau ba shi da maki ko ɗaya. Ba gara ya nemi abin yi ba?" Na ce, "Alhaji, a gasa nawa mai ba da maki ya taɓa bugawa?" Ya yi shiru yana lissafi, abin bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Yaron ya buga gasar Dala a Kano, ya buga gasar Babban Banki, ya ɗauko kyaututtuka, amma waɗannan na cikin gida ne, makin duniya sai gasar da ke ƙarƙashin ITF ko ATP. Tsaransa na Sifaniya ko Italiya yana shiga jirgin ƙasa ya buga gasa mai maki kusan duk mako. Na Tunisiya yana da Monastir, na Masar yana da Sharm al-Shaikh, na Turkiyya yana da Antalya, inda ake jera gasannin dala 15,000 mako bayan mako a filayen otal. Namu sai ya nemi biza, ya canza naira zuwa dala, ya hau jirgi, ya sauka ya buga share fage washegari da mutumin da ya yi wata uku a filin. In an fitar da shi ranar farko, kuɗin shekara ya tafi. Ba a gwada yaron nan aka ga ya kasa ba, gwajin ne bai same shi ba.

Ban ce wa Alhaji ya sayar da gona ba. Na ce masa hanyar da Odizor ya bi tana nan, wato jami'o'in Amurka masu ɗaukar nauyin karatun ɗan wasa, kuma ba hanyar waɗanda suka gaza ba ce: John Isner ya fito daga Jami'ar Georgia yana ɗan 22, Kevin Anderson na Afirka ta Kudu daga ta Illinois ya kai wasan ƙarshe na gasar Amurka yana ɗan 31, Mayar Sherif ta Masar daga Pepperdine ta zo ta ci kofin WTA a Parma a 2022. Sai dai wannan hanyar ma tana son a shirya mata tun yaro na sakandare, da sakamakon jarrabawa a hannu, abin da ya sa nake faɗa da duk kocin da ya cire yaro daga aji don atisayen safe.

Abin da ya rage namu ne. Legas ta riƙe gasar Kofin Gwamna tun farkon shekarun 2000, Abuja ma ta karɓi gasannin Futures, kuma duk lokacin da aka yi su ana ganin sunan 'yan gida ya ɓullo a jerin duniya, domin mai masauki shi ke raba gurbin alfarma. Kaduna tana da filayen jar ƙasa, Kano tana da na daɓe, akwai alƙalan wasa da aka horar. Gasa biyu a jere a gari ɗaya dala 30,000 ce kuɗin kyauta, sai ƙwallaye da masauki da alƙalai. A jihohin nan akwai 'yan kasuwa da bankunan da ke kashe fiye da haka a gasar folo ta mako guda.